In Mai Saye Ya Ce, "Mayar Mini Da Kuɗina"

In kai mutumin bakin Komadugu ne, ba sai an gaya maka darajar tattasai ba. Da ƙarshen damina ake dashe, a yi ta ban ruwa da inji, in sanyi ya shigo a fara tsinka, a shanya a bisa yashi har ƙasa ta yi ja wur. Daga Maine-Sorowa zuwa Diffa, daga Geskeru har Bosso inda kogin yake gangarawa Tafkin Cadi, da kuɗin tattasai ake sayen hatsi, da shi ake yin aure, da shi ake biyan makaranta. Kafin fitina akan kimanta abin da jihar Diffa take nomawa da wajen tan 10,000 a shekara, yawancinsa kuwa Nijeriya ake kai shi.

Dā ciniki ido da ido ne. Falke ya zo kasuwa, dillali ya farke bakin buhu, falke ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo daga tsakiya, ya murza ya ji ko ya bushe sarai, ya shinshina. Ya taya, ka ce albarka. Ya ƙara, ka sallama. Daga nan magana ta ƙare. In ya dawo gobe yana kuka, kowa zai ce masa, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya kuwa aka gaya masa, gama hannunsa ya shiga buhun.

A watan Fabrairu na 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta hana cinikin tattasai da na kifi, domin ana zaton maharan suna karɓar haraji a kansu. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, mutane suka kakkafa bukkoki a gefen kwalta. Sai a watan Oktoba na 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai. Cikin shekarun nan fatake da yawa suka rage zuwa da ƙafarsu. Ga kuma waya mai ɗaukar hoto ta shiga hannun yaranmu. Yanzu mutum yana zaune a Damagaram ko Maraɗi, a aika masa da hoton buhuna ta WhatsApp, ya taya da saƙon murya, wani ya ɗara shi, wanda ya fi kowa ya ɗauka, kamar dai gwanjo. Ya aiko da kuɗi, a loda masa a mota. Kakanninmu suna ce da wannan cinikin biri a sama, suna kuwa gudunsa. Mu ya zame mana dole.

Akwai wani manomi, mai bi, a wani ƙauye kusa da Diffa. Yana da buhu 20 da bai sayar lokacin tsinka ba, yana jiran damina sa'ad da kaya suke ƙaranci, kuɗi ya hau. Ran da aka yi ruwan fari mai ƙarfi sai rufin ɗakin ajiyarsa ya yi yoyo, buhu 4 na jikin bango suka sha laima. Ya zazzage su, ya shanya kwana biyu, ya tsince waɗanda suka yi baƙi, ya mayar ya ɗinke. A ido sun warke. Amma shi manomi ne, ya san tattasan da ya taɓa jiƙewa ba ya komawa kamar dā.

Ɗansa ya buɗe buhu biyu na bakin ƙofa, ya ɗauki hotonsu cikin hasken rana, ja kamar garwashi, ya sa a zauren 'yan tattasai. Mutum uku suka taya. Wannan ya ce jikka 24, wancan ya ce 26, wani Alhaji a Damagaram ya ce 28 kowane buhu. Aka sallama masa. Ya aiko da sefa 560,000, ya faɗi direban da za a ba kayan, aka loda.

Bayan kwana biyar sai ga saƙon murya. "Malam, ka cuce ni. Buhu shida sun yi fumfuna. Ka mayar mini da kuɗina duka, in mayar maka da kayanka."

Daren nan ba a ci tuwo da daɗi a gidan ba. Matarsa ta ce, "Maigida, wane kuɗi kuma? Ka biya bashin taki da na man inji, ka sayi gero, abin da ya saura na makarantar yara ne." Ɗan ya ce, "Baba, a toshe lambarsa kawai. Ai ba ka gaya masa ƙarya ba. Hoto ya gani, da bakinsa ya taya." Wani maƙwabci kuma ya kawo labari, wai ruwa ya doki motar a wajen Gure, tamfol ɗinta kuwa yagagge ne, wai kuma kuɗin tattasai ya sauka a Damagaram cikin makon nan.

To, ɗan'uwa, da kai ne, ƙaƙa za ka yi? Kada ka yi saurin amsawa. Mutumin nan yana nesa da fiye da kilomita 450. Ba shi da takarda, ba shi da mashaidi, da wuya ya bar kasuwarsa ya zo neman alƙali a Diffa saboda buhu shida. Ba mai iya tilasta wa manomin nan. A irin wannan wuri ne ake sanin halin mutum.

Bari mu fara da maganar yaron, gama ba maganar banza ba ce. Ciniki yana bukatar ƙarshe. In kowane mai saye yana iya dawowa bayan mako guda ya warware, ba mai iya sayar da kome, ba kuwa mai iya taɓa kuɗin da aka biya shi. Saboda haka ne kasuwa ta kafa ka'idar nan, in an sallama an sallama. Amma ka tambayi kanka, a kan me ka'idar take tsaye? Tana tsaye a kan hannun nan da yake shiga buhu. An ba mai saye dama ya duba da kansa, shi ya sa aka ɗora masa nauyin abin da bai gani ba. Yanzu fa da hannunsa ba ya iya kaiwa? Idon mai sayarwa ne ya zama idonsa, hancin mai sayarwa ne ya zama hancinsa. Ba daidai ba ne ka riƙe tsohuwar ka'ida da ƙarfi alhali abin da take tsaye a kai ba ya nan.

"Ban gaya masa ƙarya ba." Haka ne, da baki ba a faɗi kome ba. Amma hoto yana magana. Sa'ad da ka buɗe buhu biyu ka nuna, ka ce guda 20 ne, abin da mai kallo ya ji shi ne, sauran 18 ɗin haka suke. Kai ma ka san haka zai ji, domin haka ne ma ka nuna. Da a ce buhun jikin bango ne a bakin ƙofa, da an kewaye shi an buɗe wani.

Gardamar nan ta shiru tsohuwa ce ƙwarai. Wani masani na Roma mai suna Sisero ya yi rubutu a kanta shekara 44 kafin haihuwar Almasihu. Ya kawo misalin mutum mai sayar da gida, wanda ya san akwai macizai a ɗakunan kwana, itacen ginin kuma ruɓaɓɓe ne, ba kuwa wanda ya sani sai shi. In ya yi shiru ya karɓi kuɗi mai tsoka, ya yi laifi? Sisero ya nuna ba kowane shiru ne ɓoyo ba, amma in ka so mutum ya zauna cikin rashin sanin abin da zai amfane shi domin kai ka ci riba, wannan ɓoyo ne, ba kuwa halin mutumin kirki ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan. A littafin Risala, wanda almajirai suke karantawa a zaurukan malamai, an hana ɓoye aibin kaya, an hana gauraya mai kyau da marar kyau, an kuma ba wanda ya tarar da aibi zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Alhajin nan na Damagaram a kan wannan ya tashi. Abin kunya ne a ce wanda bai san Maganar Allah ba tun zamanin Roma ya gane abu, maƙwabci ya gane, mai bi ya tsaya yana cewa ai ban buɗe baki ba. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar Isra'ila da suke rage mudu, suna sayar wa matalauta har da sharar alkama. Su ma ba lalle ne sun yi rantsuwar ƙarya ba. Sun dai bar mai saye ya tarar da abin a gida.

A gwanjo kuma abin ya fi nauyi. Mutum uku ne suka yi ta ɗara juna a kan hoton nan. Da an ce musu, "Huɗu a ciki sun taɓa shan laima, na shanya," watakila da tayin bai wuce jikka 24 ba, watakila da an ware huɗun an yi musu kuɗi dabam. Ashe cikin sefa 560,000 ɗin nan akwai wanda tattasai ya kawo, akwai wanda shiru ya kawo. Na farin halaliyar manomi ne, guminsa ne da na iyalinsa. Na biyun ko da yana cikin aljihunsa ba nasa ba ne. (Akwai ma waɗanda sukan sa aboki ya shiga zauren ya yi tayin ƙarya domin kuɗi ya hau. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, sata ce da waya.)

Amma kada mu mai da mai saye mala'ika. Littafin Misalai, sura ta 20, ya riga ya zana mana hotonsa, mutumin da yake kushe kaya a gaban mai su, in ya juya baya ya yi ta fariya da arahar da ya samu. Alhaji ya ce buhu shida suka ɓaci, amma kuɗin 20 yake nema. Don me? Sauran 14 lafiyarsu lau. In gaskiya ne kasuwa ta sauka, to, yana so ya fake da shidan ya sauke wa manomi hasarar da kasuwa ta jawo masa. Da kuɗin ya hau zuwa jikka 35, ai da ba a ji muryarsa yana neman mayar da 14 ɗin ba. Hawa da saukar kasuwa bayan an sallama rabon mai saye ne. Manomi kuwa, in ya karɓi kayan duka, ga kuɗin mota na dawowa, ga masu tayi biyun nan sun riga sun saya a wani wuri. Kada wani ya ce maka bin Ubangiji shi ne ka bar kowa ya yashe ka. Hatsin 'ya'yanka ne, ba ka da izinin kyautar da shi domin wani ya ɗaga murya.

Saura buhu biyu. Manomi ya san huɗu, mai saye ya ƙirga shida. Wataƙila ruwan hanya ne ya ɓata biyun, in kuwa haka ne, direban da Alhaji ya zaɓa da kansa ne ya ɗauko, nauyin yana wuyansa. Wataƙila kuma laimar huɗun ce ta kama na kusa da su tun a ɗakin ajiya. Ba wanda ya sani, ba kuwa yadda za a sani. Inda sani ya ƙare, raba hasarar biyu ya fi kowace rantsuwa kusa da gaskiya. Na lura mutane sun fi son rantsuwa a daidai wurin da ba su da tabbaci.

Yanzu ga wuri mai wuya. Sanin abin da yake daidai bai kai faɗarsa wuya ba. Alhaji bai san labarin yoyon ɗaki ba, ba kuwa zai taɓa sani ba sai an gaya masa. Zuciya takan ce, "Bari ya kawo shaida tukuna. In na amsa huɗu, zai hau kaina ya nemi 20." Mai yiwuwa ne ya yi haka ɗin, ba na yi maka alkawari cewa gaskiya za ta tausasa shi. Amma duba abin da jiran shaida yake nufi. Yana nufin zan biya abin da aka kama ni a kai kaɗai. Ɓarawo ma yana yin wannan. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, wanda Luka ya ba da labarinsa a sura ta 19, ba wanda ya kai ƙararsa. Shi ya miƙe da kansa ya ɗaura niyyar mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu. A Littafin Firistoci kuma, sura ta 6, wanda ya cuci maƙwabcinsa a kan dukiya zai mayar da ita cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Ban ce ka ɗauki alƙalami ka lissafta humusi ba. Abin da dokar take nuna mana shi ne, wanda aka cuta yakan yi hasarar da ta fi kuɗin kayan. Alhaji ya biya mota a kan buhunan nan huɗu, ya biya 'yan dako, mai yiwuwa ya ji kunya a gaban mai sayen da ya yi wa alkawari. Kuɗin motarsu aƙalla yana kan manomi.

Yadda za a bi da maganar ma yana da muhimmanci. Kada ka amsa saƙon fushi da saƙon fushi, gama muryar da ka aika ba ta dawowa, za a yi ta yawo da ita daga waya zuwa waya. Kada kuma ka kai maganar zauren da mutum ɗari suke ji tun ba ku yi ta ku biyu ba. Ka kira shi. Ka roƙe shi ya ɗauki bidiyon buhunan yadda alamar da ka shafa musu za ta fito, domin a tabbata naka ne. In kana da wani amintacce a garinsa, ko dillalin da ku duka kuka yarda da shi, ka sa ya je ya zura hannu a madadinka. Neman wannan ba zargi ba ne. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

In ka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, ku dattawa ku yi hankali. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, zuciya kuwa takan so ta goyi bayan namu domin namu ne. In kun yi haka kun cuci ɗan'uwan, kun kuma koya wa 'ya'yansa cewa gaskiya tana da iyaka a ƙofar majami'a. Ku tambaye shi abin da ya sani game da buhunan, ku jira amsa.

"To, kuɗin fa? An riga an kashe." Wannan kukan matar gaskiya ne, kada maigida ya share shi da wa'azi. Ita za ta auna gero, ita yara za su tambaya. A zauna da ita a lissafta tare, a ga abin da za a sayar da abin da za a jinkirta. In ba za a iya biya gaba ɗaya ba, a gaya wa mai saye, a sa rana, a cika. Abin da ba shi da kyau shi ne "sai wani mako" wanda ba ya zuwa. Waɗanda suke ciniki da naira sun san haɗarin jinkiri fiye da kowa. A farkon watan Yuni na 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya riƙe wa mutumin Gaidam ko Gashuwa kuɗinsa cikin watannin nan, sa'an nan ya mayar masa da lamba ɗaya, takarda ya mayar, ya cinye fiye da rabin darajarta in an gwada ta da dala.

Akwai kuma wani mutum na uku wanda ba ya cikin wayar, wato mai miya. Hanya mafi sauƙi ta rage hasara ita ce a kai ruɓaɓɓen tattasan wurin masu niƙa, gama in ya zama gari ba mai ganin baƙinsa. Fumfunar da take kama tattasai da gyaɗa da masara takan ɗauki dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. In mai saye da mai sayarwa suka shirya a kan a niƙe a sayar, sun daidaita tsakaninsu ne kawai, sun tura cutar cikin tukunyar wata mata da ba ta san su ba.

Manomin nan ya kwana biyu yana juyi. Ran na uku da sassafe ya ce wa ɗansa ya kira lambar. Ya gaisa, ya ce, "Alhaji, kafin ka yi magana bari in gaya maka abin da ban gaya maka ba." Ya ba shi labarin yoyon da shanyar. Alhaji ya yi faɗa ƙwarai, ya ce dā ma ya sani, ya ce sai kuɗinsa duka. Manomi ya ce, "Huɗu nawa ne, da kuɗin motarsu. Biyu mu raba. Goma sha huɗu kuwa ka saya, Alhaji, lafiyayyu ne." Aka kashe waya ba sallama.

Wani dillali da su biyu suka sani ya je ya duba, ya tarar 14 ɗin ba abin da ya same su. Bayan mako guda Alhaji ya yarda. Manomi ya sayar da rago da akuya biyu, ya aika da sefa 112,000 na buhu huɗu, da 28,000 rabin na biyun, da kuɗin mota, ya roƙa a zubar da abin da ya ruɓe. Kuɗin makarantar ƙaramar 'yarsa sai da aka nemi malami ya yi haƙuri wata biyu. Alhaji bai yi godiya ba, bai kuma sake tayin kayansa ba. Da shekara ta kewayo, yaron ya zo da waya zai ɗauki hoto, uban ya ce masa ya fara da buhun jikin bango, ya zazzage shi a tabarma ya ɗauka duka. Matar kuwa har yanzu tana cewa buhu biyun nan ruwan Gure ne ya ɓata su, mai yiwuwa kuma ita ce da gaskiya.